Mu nemi asalin zuriyarmu a ma'adanun tarihi na Kaduna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Kaduna kan binciken asalin zuriya.

Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aikin reluwe da na soja da na gwamnati, daga baya kuma masaƙun Kakuri, suka yi ta janyo kakanninmu daga Zazzau da Kano da Katsina da Barno da ƙasar Nufe. Abin da ke damuna shi ne, yawancin jikokinsu ba su san komai ba sai sunan gari, alhali takardun da za su taimaka musu suna nan a ƙofar gidansu.

A titin Yakubu Gowon akwai reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, inda aka adana fayilolin lardunan Arewa, wato rahotannin Razdan da Di'o kan gundumomi, da lissafin haraji da jangali, da sunayen hakimai da dagatai, har da rubuce-rubucen Larabci. Ga kuma Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan marigayi Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970.

Sai dai ba da sunan gidanku aka jera waɗannan takardu ba, da sunan lardi da gunduma aka jera su, don haka wanda ya je hannu rabbana zai sha wahala a banza. Kafin mutum ya fita, ya zauna da tsofaffin gida, musamman gwaggo da inna, domin su ne suka fi riƙe dangantaka, ya ji sunan ƙauye da na hakimin zamanin da dalilin tasowa. Ya kuma sani cewa iyakoki sun sha canzawa: Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai a 1934, saboda haka wanda kakansa ya taso kafin nan sai ya duba fayilolin Zariya da na Kano.

In kakan mutum manomi ne marar sarauta, da wuya ya ga sunansa, amma zai ga shekarar da fara ta cinye amfanin gona ko yunwa ta tashi ƙauyensu, ya gane abin da ya fito da shi.

Ina kuma roƙon magidanta su buɗe adakar iyayensu kafin gara ta riga su. Rasit ɗin haraji, da takardar sallama daga soja, da ranakun haihuwa da malam ya rubuta a bangon littafi, duk a ɗauki hotonsu da waya a rarraba wa dangi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.