Lemon ƙarin kuzari da ciwon ƙoda: an kama wanda ba shi ne ɓarawon ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in tsoma baki kan wata magana da ke yawo a WhatsApp, wai sinadarin torin, wanda ake rubutawa Taurine a jikin gwangwanin lemon ƙarin kuzari, daga maniyyin bijimi ake tatso shi, kuma wai shi ke kashe wa matasa ƙoda. Shagon magani nake riƙe da shi a Gashuwa, garin da ba sai an ba kowa labarin ciwon ƙoda ba, don haka maganar ta tsaya mini a rai.

Gaskiyar ita ce a ruwan matsarmamar bijimi, ba a maniyyinsa ba, aka fara gano torin, a 1827, aikin wasu Jamusawa biyu, Tiedemann da Gmelin. Amma wanda ake zubawa a lemo yau a masana'anta ake haɗa shi, babu dabba a ciki. Hantarmu ma tana yin nata, muna kuma cin sa a nama da kifin Kogin Yobe.

Ga inda ya haɗu da ƙoda. A yini guda ƙoda tana tace ruwa kusan lita 180, amma abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, sauran duk komawa jini yake yi. Babban mai ba da umarnin nan shi ne basofiresin, sinadarin saƙo da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa. Mai azumi a watan Afirilu, gishirin jininsa ya yi kauri, sai basofiresin ya ƙaru, ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya fito ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Idan an sha ruwa jini ya tsinke, binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan saki torin, shi kuma ya lallashi jijiyoyin da ke samar da basofiresin su sassauta, ruwan da ya yi yawa ya fita. Can tsakiyar ƙoda kuma, inda gishiri ya fi yawa, ƙwayoyin wurin suna tara torin a cikinsu don kada su motse. Rararsa kuwa, ƙoda mai lafiya zubar da ita take yi a fitsari. Wanda tasa ta gaza, ko ake yi masa wankin ƙoda, shi ne abin kan taru a jininsa, shi kam ya nisanci lemon nan.

Abin da ke ba ni tsoro ni a gaban kantata yake faruwa. Ɗan Keke Napep zai shigo da azahar, leɓe a bushe, gorar lemon ƙarin kuzari a hannu, ya ce, "Oga, ba ni na ciwon jiki." Diklofenak yake nufi, wata ƙwayar rage ciwo. Ka tambaye shi ruwan da ya sha tun safe, sai ya ɗaga maka gorar. A ƙaramin gwangwanin Red Bull akwai torin miligiram 1,000 da kafeyin miligiram 80, kuma gwajin da aka buga a 2006 ya nuna kafeyin ɗin ne ke ƙara fitsari, ba torin ba. To, ga zufa, ga kafeyin, ga sukari, sannan ga ƙwayar diklofenak da ke rage jinin da ke isa ƙoda daidai lokacin da take fafutukar riƙe ruwa. Nakan ce masa, "Ƙanena, shanye fiya wata biyu tukuna, sai mu yi magana." Wasu su sha, wasu su yi tsaki su wuce shago na gaba.

Roƙona ga NAFDAC shi ne ta sa a riƙa rubuta gargaɗin jikin lemon nan da Hausa, da manyan baƙaƙe. Masu wa'azin WhatsApp kuma, in har ƙodar matasa ce ta dame su, su riƙa tura mutane awon hawan jini da na sukari.

Naku,
Wani mai shagon magani,
Gashuwa, Jihar Yobe.