Maigidana ya hana a rubuta sunan larurar ɗanmu

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari.

Ɗana shekararsa 3. Shawara ta kama shi a makon haihuwa, ba mu kai shi asibiti da wuri ba. Har yau bai zauna da kansa ba, ƙafafunsa a sanƙare, idan aka miƙar da shi sai su harɗe kamar almakashi. Kwanan nan goyo ma ya fara gagara, don cinyoyin ba sa buɗewa.

Mai yi masa gashin ƙashi ta ce alamun serebral falsi ne, wato rauni a ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ƙugu. Ta ce yara masu wannan larurar ana haihuwarsu da ƙugu lafiya lau, amma jijiyoyin da suka ɗaure suna jan kan ƙashin cinya a hankali har ya fita daga gurbinsa, kuma da farko babu zafi, babu kuka. Wajen ɗaya cikin uku ke gamuwa da haka, mafi yawa waɗanda ba sa tafiya. Likitoci sun kasa larurar mataki 5, kuma matakin yaro ke nuna sau nawa za a riƙa ɗaukar hoton ƙashinsa. Irin nawa tun yana shekara 2 ya kamata a fara, a maimaita duk wata 6 zuwa 12. Idan gocewar ta wuce kashi 30 cikin 100, sai a tura shi ga likitan ƙashi, ko da asibitin ƙashi na Dala ne a Kano.

To, ga matsalar. Sai likitan yara ya tabbatar da larurar ya rubuta a kati kafin a san jadawalin da za a bi. Baban yaro ya ce atafau, wai suna tambari ne, ranar da dangi suka ji an gama da yaron, har auren yayyensa mata zai shafa. Surukata kuwa ta ce iska ce, ta riga ta yi magana da mai ɗori. Ni wannan ɗorin ne ke firgita ni, ƙashin da bai karye ba me za a ɗora?

Mijina ba mugu ba ne, shi ke biyan kuɗin gashi. Tsoro ne kawai.

Anti, in lallaɓa in kai yaron asibitin Barau Dikko ba da sanin mijina ba, ko in nemo wanda yake jin maganarsa? Kuma da wane baki zan ce wa Hajiya surukata a dakata da mai ɗori ba tare da an ce na raina ta ba?

Ƙanwarki,
daga Rigasa, Kaduna