Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu koyon nutso a Bahar Maliya

Assalamu alaikum 'yan uwa, na nan Alƙahira da waɗanda suka koma gida amma har yau suna cikin guruf ɗin WhatsApp suna karanta komai ba sa cewa uffan. Shugaba ya ce in rubuto rahoton shekara kafin taro, to ga shi, kuma don Allah a karanta har ƙasa kar a zo ranar taro ana tambayar abin da na riga na faɗa.

Mu fara da gwajin ruwa. Duk wanda ya shigo bana sai da ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ya riƙe kansa a saman ruwa minti 10, sharaɗin PADI ne, ƙungiyar da ke ba da shaidar koyon nutso, ba mu muka ƙirƙiro ba, kuma a nan ne asirin wasu ya tonu, masu cewa ai tun suna yara suke faɗawa kududdufi, ashe inda ƙafa ke taɓa ƙasa suke tsayawa. Watannin farko kusan duk a ful, wato kwamin iyo, muka cinye su. Sai takardar likita, wadda ta jawo ɓacin rai, domin an samu waɗanda likita ya dakatar saboda sikila ko asma. Mun san ba daɗi, amma sikila a wajenmu ba baƙuwa ba ce, kuma sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki su ne ke tayar da ita, to ka ga ba a ƙarƙashin teku ake so ta tashi ba. Yanzu su ke riƙe mana littafin nutso da ƙirgen mutane a jirgi, kuma wallahi tun da suka karɓa lissafi bai taɓa kwana ba.

Matakin farko a Dahab, garin bakin teku da ke Sinai, muka yi shi saboda daga bakin gaɓa ake shiga, ba sai an biya kuɗin jirgi ba. Nutso huɗu a teku, iyakarka mita 18. Waɗanda suka wuce mataki na biyu su aka ba damar kaiwa mita 30, kuma can ne lissafin aji ya zama gaskiya: a mita 30 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau huɗu, iskar silinda ma sau huɗu take saurin ƙarewa, wato silindar nan mai lita 12 da aka cika bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) da kake ganin kamar za ta kai ka yamma, kana waiwayawa allura ta kusa 50. Ga kuma mayen naitirojin, wato jirkicewar hankali da naitirojin ɗin da ke cikin iskar da kake shaƙa ke jawowa a zurfi. Wani ɗan uwa da ba zan faɗi sunansa ba, malami ya nuna mishi ɗan lissafin firamare a allo, ya tsaya yana kallonsa yana dariya cikin regileta, abin shaƙar iskar da ke bakinsa, mutumin da ke karatun injiniya fa.

Yanzu maganar da na san ita kowa ke jira, jiragen da suka nutse. Mun je tsaunin murjani na Abu Nuhas mun ga Giannis D, jirgin dakon katako na Girka da ya hau murjani a 1983, mun ga Carnatic da ke kwance tun 1869 wanda yanzu haƙarƙarinsa kawai ya rage kamar na raƙumin da ya mutu a sahara. Sannan muka je Thistlegorm, jirgin Birtaniya da jiragen saman Jamus suka yi wa ruwan bam ranar 6 ga Oktoba 1941, yana zaune a wajen mita 30 da kayan yaƙinsa, babura kirar BSA, motocin Bedford, takalman roba, har kawunan jirgin ƙasa biyu da fashewar ta wurgar gefe. Duka ukun zagayawa muka yi ta waje. Ba wanda ya shiga ciki, kuma kwamiti ne ya hana.

Na ji ƙorafin, wasu har sun ce kuɗinsu ya tafi a banza tunda ba su ɗauki hoto da babur ba, kuma gaskiya ne kullum gaidodi na shigar da mutane cikin rumbunan kayan jirgin. To amma ku tuna abin da ya faru ranar gwaji. Malami ya shimfiɗa igiya a ruwa mara zurfi, ya rufe mana tabarau da baƙin ƙyalle ya ce kowa ya bi igiyar da hannu ya dawo, yawancinmu muka naɗe kanmu da ita kamar akuya a turke, ni kaina da ƙafar hagu na fito da ita. A cikin jirgi ba sama da za ka gudu, ƙarfe ne a kanka, kuma shuri ɗaya na wanda bai iya ba ya isa ya tayar da laka da tsatsa har ka kasa ganin tafin hannunka ko da tocila. Shi ya sa ake koyon shurin kwaɗo, da tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba hawa ba sauka, da raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai in abu ya ɓaci. Ko wanda ya gama kwas ɗin jiragen ma, mai nutso huɗu, ba a yarda ya wuce inda hasken waje ke kaiwa ba, kuma in ka haɗa zurfin da nisan da ka shiga kar ya haura mita 40. Ɓangaren baya na Giannis D kuwa a karkace yake, ka leƙa ta taga kawai sai ka ji kanka ya rikice, ka rasa ina ne sama. Ba mu kai ba tukuna, iyakar maganar kenan.

Kaya. Mun tsaya a kan kowa ya sayi tabarau da takalmin iyo nasa, saura ƙungiya ke haɗawa. Bana an sayi tocila, ril na igiya, ƙananan wuƙaƙen yanka raga, da balan-balan ɗin alama da ake sakewa sama don jirgi ya san inda kake, musamman a Thistlegorm inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Inda muka yi kuskure shi ne regiletocin gwanjo da muka saya don araha. Ɗaya ta ɓalle da zubar iska ba ƙaƙƙautawa a ful, Allah ya taimaka a ful ne, da aka buɗe ta sai ga robobin ciki sun bushe. Kuɗin gyara ya kusa cinye rarar da muka yi murna da ita. Daga yau ba kayan numfashi da za a saya sai da shaidar sabis, kuma duk shekara a kai su a duba. Kwamfutar hannu kuma a daina aro tsakanin nutso da nutso, naitirojin na jikin mutum ɗaya take lissafawa, ba agogo ba ce. Rigar roba mai kaurin mili 5 muna da ƙarancinta, lokacin sanyi ruwan na sauka wajen digiri 21 zuwa 22, 'yan uwa mata kuma sun nemi masu haɗe da hula da kuma malama mace, an samu malamar, rigunan ne saura. Akwatin oksijin na gaggawa har yanzu ba mu saya ba, na jirgin haya muke dogara da shi, wannan ni dai bai kwanta min ba.

Sai Salem Express. An kawo shawarar a je garin Safaga, inda ya nutse a kusa da shi, a gan shi, aka yi muhawara mai zafi. Jirgin fasinja ne da ya taso daga Jidda a Disamba 1991, cike da mutane da yawansu daga Umra suke dawowa, ya daki murjani da dare ya nutse cikin mintuna kaɗan, hukuma ta ce mutum 470 suka rasu. Akwatunan mutane na nan har yau. Wasu suka ce a je a yi musu addu'a daga waje, wasu suka ce maƙabarta ce ba wurin yawon buɗe ido ba. Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a bari suka yi rinjaye. Allah ya jiƙansu.

Da azumi mun dakata gaba ɗaya, rashin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon da naitirojin ke jawowa in ya taru a jiki bayan nutso, haka za mu yi baɗi ma. Masu tafiya hutu gida kuma, a ƙalla awa 18 tsakanin nutso na ƙarshe da hawa jirgin sama in an yi nutso fiye da ɗaya, kar a sake yanko tikiti sannan a zo ana roƙon a daure.

Baɗi in Allah ya kai mu: kwas ɗin ceto da agajin gaggawa ne farko, sai na naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin, wanda kowa zai koyi auna silindarsa da kansa tunda mai oksijin kashi 32 cikin ɗari ba a wuce wajen mita 34 da ita, sannan kwas ɗin jirage ga wanda ya ci gwajin igiya ido rufe. Ma'aji zai karanto shiga da fita a taro, ya kuma ce in tuna wa masu bashin kuɗin wata cewa sunayensu na hannunsa. A zo da littafin nutso da sabuwar takardar likita.

Naku,
Sakatare