Littafin da kika bari a bayan durowa

Ummi,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yara. Ya jiran biza? Allah Ya sa a dace.

Jiya mahaifiyarki tana shara ta tsinci littafin da jami'arku ta aiko miki a bayan durowa, ko ledarsa ba ki ɓare ba. Wai kin ce ai ba jarrabawa za a yi a kansa ba. Gaskiyarki, ba za a yi ba. Amma na ba Kawunki shi, zai kawo miki Abuja ranar Asabar.

Jami'o'in Amurka da dama suna haka: a zaɓi littafi guda, duk sababbin ɗalibai su karanta kafin su iso. Jami'ar Pennsylvania tun 1991 ta soma. A Princeton ɗinku kuwa shugaban jami'ar, Christopher Eisgruber, ya fara a 2013, kuma littafin farko na Kwame Anthony Appiah ne, wanda ya tashi a Kumasi. Kan mutunci ya yi shi, da yadda jin kunya ke sa al'umma ta bar mummunar al'ada, kamar cinikin bayi.

Ga abin da nake hango miki. Makon farko za a zaunar da ku rukuni-rukuni, ke da ɗan Koriya da 'yar Texas, ba abincinku ɗaya ba, ba wasanninku ɗaya ba. Abin da kuka haɗa kaɗai littafin nan ne. Na san halinki, in kika shiga baƙin mutane sai ki yi gum kamar an ɗinke miki baki. Ranar da na fara shiga aji a Zariya haka na yi, na kuwa shafe zango guda ana ɗaukata kurma.

Ki karanta da biro a hannu. Inda marubucin ya burge ki, ja layi. Inda kika ga ya kauce, ko ya faɗi abin da bai dace da tarbiyyarmu ba, rubuta dalilinki a gefe. A can ba a ɗaukar musu da littafi rashin kunya, shi ma ake jira daga gare ki. Shafi ashirin bayan Asuba ya isa, tunda damina ce, ba inda za ki.

Ranar Juma'a zan kira, ki faɗa mini inda ba ki yarda da shi ba. Mahaifiyarki ta sa miki yaji da kuka a ledar, kada Kawu ya manta da su a mota.

Naki,
Baba