Birkin baya ba a yi masa aikin ƙarfi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu motoci da yaran garaji a nan Yamai kan canza plaket da disk na birkin ƙafafun baya, wato takalman birki da faifan ƙarfen da suke matsewa. Ɓarnar da ake yi a wannan aiki kusan duk daga abu guda take tasowa: mutum ya ɗauka bayan mota daidai yake da gabanta, ya manta birkin hannu yana can.

Kafin a taɓa komai, a sa kariya a tayoyin gaba, a saki birkin hannu, a ɗaga motar a ɗora ta kan ƙarfen tokare. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, balle a kan yashin unguwanninmu. Idan an kwance kusoshi biyun da ke riƙe da etiriye, wato ƙarfen da ke rungume da plaket a kan disk, a rataye shi da waya. Barinsa yana lilo a jikin tiyon man birki yana kashe tiyon daga ciki, inda ido ba ya gani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Plaket sabo ya fi tsoho kauri, dole piston da ke danna shi ya koma cikin etiriye. A gaba turawa kawai ake yi. A baya kuwa, a motoci irin su Golf da Peugeot 307, birkin hannu cikin etiriyen yake, kuma piston ɗin yana kan zare kamar noti. Wanda ya duba fuskarsa zai ga 'yan ramuka. Murɗa shi ake yi ana dannawa lokaci guda, yawanci ta hannun dama, da ƙarfen da aka yi don haka. Wanda ya sa masa matsi ko guduma ya lalata zaren, sai birkin hannu ya daina riƙo ko ƙafar ta riƙa kamawa tana zafi, aikin plaket ya koma sayen etiriye. Idan bayan plaket ɗin yana da ɗan ƙullutu, a tsayar da ramin piston daidai da shi, in ba haka ba gefe guda zai cinye. Motar da birkin hannunta maɓalli ne kuwa, yawanci sai an sa na'ura ta janye birkin tukuna.

Yawancin Camry da Prado nasu daban ne. Piston ɗinsu turawa ake yi, amma cikin cibiyar disk akwai ƙaramin tambur, wato gangar birki, da takalman birkin hannu. Idan disk ya ƙi fita, takalman ne suka riƙe shi ko tsatsa. A cire 'yar robar da ke fuskarsa, a juya ramin zuwa ƙasa, a sassauta ƙarfen saiti mai haƙora da sukudireba. In tsatsa ce, Toyota ta bar ramuka biyu masu zare; a ɗaura kusoshi masu girman M8 a cikinsu, a riƙa murɗawa bi da bi, disk zai taso da kansa.

Ba kowane canjin plaket ke buƙatar sabon disk ba. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, wato kaurin da bai kamata ya gaza ba. A auna. Idan ya kai nan, ko ya yi zurfin zane, ya tashi aiki, kuma wannan awon ya shafi tsohon disk da ake sayowa a kasuwar Katako. Plaket kuma da ya rage milimita 3 lokacinsa ya yi. Hagu da dama tare ake canzawa.

Kafin sabon disk ya hau, a kankare tsatsa da jar ƙasa daga mazauninsa har ƙarfe ya yi fari. Datti kaɗan a nan shi ke sa feda ta riƙa rawa bayan 'yan watanni, a ce kayan ne jabu. A wanke man da masana'anta ta shafa masa. Sandunan da etiriye ke zamewa a kai a goge su, a sa musu giris na silikon. Giris na gama-gari yana kumbura robarsu, ƙurar hunturu ta shiga, su ƙafe. A kuma duba tulun man birki yayin mayar da piston, don yana iya ambaliya, kuma yana cin fenti.

An gama ɗauri, kada motar ta motsa sai an taka feda sau da yawa ta yi tauri, a ja birkin hannu a sake shi kamar sau goma. Sannan a sami hanya marar cunkoso, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba. Da an dawo, a kai hannu kusa da kowace ƙafar baya: wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, a sake kwance ta.

Wassalam,
Wasu makanikai, Yamai