Malamai masu kai ziyara ajin share fage a Daura

Ya Edita,

Muna jinjina wa malaman da ke zuwa taimaka wa azuzuwan share fage a unguwannin talakawan Daura, amma akwai gyara. Ziyarar yini ɗaya ba ta koyar da komai; a ɗauki zangon karatu guda, sau biyu a mako. Darasi kada ya wuce minti 20, domin hankalin ɗan shekara 4 ba ya daɗewa wuri ɗaya, musamman idan bai karya kumallo ba. A koyar da Hausa, a yi ƙirga da murafun kwalba. Babban kuskure shi ne ture malamar ajin gefe: baƙi na tafiya, komai ya tsaya. A koyar tare da ita, a bar mata alli, tabarmi da jadawalin darussa.

Daga wasu malamai masu ritaya, Daura