Zuwa ga aminina a Abijan, kan ciwon fatar ɗanmu

Damagaram, unguwar Zango

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ƴan gida da ke nan Abijan. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsun Birni da safe, leɓen kowa ya tsage.

Saƙon muryarka kan ciwon da ya fito wa ɗanka a fata ya iso daren Laraba, na saurare shi har sau uku, hotunan ma na duba. Na so in mayar maka da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma irin wadda za ka so ka koma ka sake dubawa ce. Shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta.

Ka fara kwantar wa mai ɗakinka da hankali. Ni tela ne, ba likita ba, kuma ba a sa wa ciwo suna ta hoto. Amma abin da na gani a gwiwar hannun ɗan namu da bayan kunnensa ya yi kama da abin da nake fama da shi shekara 11 ke nan. Likitoci suna ce masa soriyasis. A gari kuwa kowa da sunan da yake ba shi: wannan ya ce kirci ne, wancan ya ce makero, mai mugun baki ya ce kuturta. Ka san garinmu, da an ga fatar mutum ta sauya sai a fara ambaton Kara-Kara, unguwar kutare, a bayan idonsa.

Ka tafi kafin nawa ya yi tsanani, don haka ba ka ga rabinsa ba. A kai ya fara, na ɗauka amosani ne. Daga nan ya sauka gwiwar hannu, ya kama gwiwoyi, ya shimfiɗa a ƙugu. Kada hotunan intanet su ruɗe ka da jan nan nasu, wannan a farar fata ne. A jikinmu duhu yake yi, wuri ya yi kauri ya yi toka-toka, da farin ɓawo a sama kamar an barbaɗa gari. Ƙaiƙayin dare kuwa, sai wanda ya ɗanɗana. Da safe sai na kakkaɓe zanen gado tun kafin uwargida ta gani, kamar ba ta sani ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Saura kwana biyu ƙaramar Sallah, wani Alhaji da na shekara shida ina yi wa ɗinki ya zo karɓar babbar rigarsa, shadda ce shuɗiya mai duhu. Na ɗauko na warware masa, sai ga ɓawon hannuna fari fat a kan aikin wuyan. Na sa hannu zan kakkaɓe, ya ce in bar shi. Da yatsa biyu ya ɗauki rigar. Kuɗin ma bai miƙo mini ba, a kan keken ɗinki ya ajiye. Daga ranar ban sake ganin yadinsa ba, har na ƴaƴansa. Ban riƙe shi a zuciya ba, tsoro ne ya kama shi, ni ma a lokacin tsoron jikina nake yi.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne neman maganin da zai tumɓuke shi gaba ɗaya. Kawu ya ce mataccen jini ne, aka kai ni wurin wanzami ya yi mini ƙaho a baya. Bayan kamar mako biyu, duk inda aska ta tsaga sai da sabon ciwo ya fito, a jere reras kamar layin ɗinki. Ashe halinsa ke nan, duk inda fata ta ji rauni, ko da susa ce mai ƙarfi, yana iya bin wurin. Ni kuwa ga ni nan ina dirzar jiki da soso da dutsen goge kaushi, wai ina fitar da dauɗa.

Sai kuma man shafawa na kasuwa. Wani mai tallar magani a bakin Kasuwar Dole ya sayar mini da wani ɗan bututu, cikin mako guda fata ta yi sumul, har sadaka na yi. Na yi watanni ina shafawa safe da yamma. Fatar cinyata ta yi siriri, nankarwa ta fito mini kamar mai jego, da na daina kuma ciwon ya dawo ya ninka. Daga baya na gane kilobetasol ne, irin man da wasu mata ke shafawa don su yi haske. Maganin gaske ne, likitoci ma suna rubuta shi, amma da awo da adadin kwanaki. Wadda ta fi muni ita ce allurar kotizon da wani ya yi mini a cikin unguwa. Wata ɗaya na yi lafiya lau, bayan nan ya fesu mini har inda bai taɓa zuwa ba. Don Allah, ko wa ya ba ku shawarar allurar nan kada ku yi wa yaron.

A shekara ta huɗu na haɗa kuɗin mota na yi tafiyar nan ta kusan kilomita 900 zuwa Yamai, na ga likitan fata. Abin da ya fara yi, kafin ya ce komai, shi ne ya kama hannuna da hannunsa tsirara, babu safar roba, ya shafa wurin. Aminina, wallahi sai da na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Na daɗe rabona da wani bare ya taɓa ni haka.

Ya sa na rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da auduga yana tambaya ko na ji. Na ji duka. Ya ce tabon kuturta mutuwa yake yi, ba ya jin taɓi, nawa kuwa har ƙaiƙayi yake. Ya ce kada in ga laifin mutanen gari, Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa cututtukan biyu, sai a 1841 wani likita a ƙasar Ostiriya mai suna Hebra ya raba su sarai. Sannan ya zana mini a takarda. Fatar mai lafiya tana ɗaukar kusan wata guda kafin sabuwa ta taso tsohuwa ta zube. Tawa cikin ƴan kwanaki take yin wannan tafiyar, saboda garkuwar jikina ta rikice tana ingiza ta, sai ɓawo ya taru a kan ɓawo. Babu ƙwayar cutar da za ta tsallaka zuwa jikin wani, ba a ɗaukarsa ta musabaha ko kwano ko shimfiɗa. Yana dai bin jini a wasu gidajen.

Na ce to a ba ni maganin da zai kashe shi. Ya ce babu, ana dai kwantar da shi, ya yi watanni ko shekaru a kwance, wata rana ya motsa. Na fito raina a ɓace. A mota ina ta lissafi: kuturtar da ake gudu ana warkewa daga ita da ƙwayoyi na wata 6 zuwa 12, kyauta ma ake bayarwa, ni kuwa da nawa za a binne ni. Sai wajen Birnin Ƙonni zuciyata ta sauka, da na tuna shekara huɗu ina bin masu cewa za su warkar da ni, ga inda suka kai ni.

Yanzu rabin aikin shafa mai ne. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kuma a gaggauce, wanda a Damagaram ba sai likita ya faɗa maka ba, kuɗin ga-ruwa ma ya isa ya koya maka. Ina fitowa, tun jiki da danshi, sai in mulke da man kaɗe ko basilin. A hunturu irin na yanzu har sau uku a rana. Inda ya yi kauri akwai man salisilik da ke tausasa ɓawon ya zube da kansa, ba a ɓanɓara. In ya motsa sosai sai wani man shafawa mai suna Daivobet, sau ɗaya a rana na mako huɗu, sannan a huta, kuma ba a kai shi fuska. Tsada gare shi, bututu ɗaya yana cinye ladan ɗinkin riguna da dama. Kaina kuma da sabulun ruwa mai warin kwalta nake wankewa, uwargida ta ce in na shigo kamar ana gyaran titi a ɗaki. Hantsi yana taimaka mini, minti goma zuwa sha biyar a tsakar gida, ban da tsakar rana. Taba na bari. Na kuma lura duk lokacin da raina ya ɓaci ko na kwana uku a kan keke saboda ɗinkin Sallah, sai fatar ta ba ni amsa.

Shekara uku da suka wuce ya shiga gaɓɓai. Yatsana na tsakiya ya kumbura tun daga tushe har farce, da safe almakashi ya gagare ni. Wannan ne ya tsorata ni fiye da komai, don tela da yatsunsa yake ci. Aka ɗora ni a kan wani magani mai suna metotireksat. Sau ɗaya a mako ake sha, ka ji, a mako, don wanda ya mayar da shi na kullum zai iya rasa ransa. Ni daren Juma'a na zaɓa, ƙwayar folik asid da ake haɗa shi da ita kuma a wata ranar daban. Ana auna jini lokaci-lokaci saboda hanta, mai ciki ba ta sha, kuma ba a haɗa shi da Bactrim, wanda ka san a nan ko gudawa mutum ya yi shi ake miƙo masa. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 na sha wuya, don ta Kano ake kawo mini, sai da na yi makonni babu. Amma alhamdu lillahi, yau in ka ga hannuna sai ɗan duhun tabo kawai.

Game da ɗan namu, ku tuna ko ya yi ciwon maƙogwaro mako biyu ko uku kafin abin ya fito. A yara yakan biyo bayan haka, ya fito ƙanana-ƙanana kamar ɗigon ruwa, kuma irin wannan sau da yawa yakan tafi cikin ƴan watanni. Ka faɗa wa likita in haka ne. Ku kuna da sa'a, ga sashen fata na babban asibitin Tireshbil a kusa da ku, ba sai kun kwana a mota ba, ga kuma danshin bakin teku da ba ya busar da fata irin iskarmu. Kada a shafa masa komai na kwana biyu kafin ku je, don likita ya ga abin yadda yake.

Ka ce yaran lakwal sun daina zama kusa da shi, har ya fara ƙin zuwa. Ka je da kanka ka ga malaminsu da takardar likita a hannu. In ya yi gardama ka gaya masa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ciwon nan cikin cututtukan da ba a ɗauka. A gida kuma, na ji a muryarka cewa an ware masa kwano da tabarma. Aminina, a mayar da kwanon nan cikin sauran yau ɗin nan. Ka zauna ka ci tuwo da shi, ka shafa masa man da hannunka, ƙannensa suna kallo. Ni da gemuna abin ya kusa karya ni, balle yaro ɗan shekara 13.

In kun ga likita ka ɗauki hoton takardar maganin ka turo mini. Ka haɗo da awon yaron, kafaɗa da tsawo da ƙirji. Ina da wani yadin auduga mai laushi da na ajiye, zan ɗinka masa riga biyu in ba direbobin da ke sauka wajenku, don yadin roba yana ƙara ƙaiƙayi. Ka tambaye shi ko dogon hannu yake so ko gajere, kada ka zaɓar masa.

Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka yi alkawari tun bara har yanzu yana hanya. Ka gaida mai ɗakinka da yara duka.

Wassalam,
Amininka na Zango